Kindirmo, haɗin kauri da jinin da kake tofarwa da safe

Idan ka goge baki da safe ka tofar, kumfar fara tas take fitowa ko da ja-ja a cikinta? Kar ka yi saurin amsawa, gobe ka duba tukuna. Da yawa daga cikinmu mun saba ganin jinin nan har mun daina ɗaukarsa a bakin komai. Wani ya ce burushin ne ya cika ƙarfi, wani ya ce zafi ne ya yi masa yawa, wata ta ce ai ita tun tana sakandare haka nata yake. To amma da a ce duk sanda ka wanke hannu sai jini ya tsattsafo ta gefen farce, kwana nawa za ka yi kafin ka nemi asibiti? Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma cutar dasashi mai tsanani ta kama kusan kashi 19 cikin 100 na manyan duniya, wato sama da mutum biliyan guda. Tana cikin manyan dalilan da ke sa babba ya rasa haƙori. Giɓin da kake gani a bakin kawu ko inna, wanda kowa ke ɗora wa tsufa, sau da yawa cuta ce da ta fara tun suna shekarunka, da irin wannan ɗan jinin na safe.

A TikTok da Facebook ba a rasa masu magani. Wannan ya ce madara, wancan ya ce yogot, wata ta ce kindirmo kullum da safe, dasashi zai koma kamar na jariri. Maganar madarar ba ƙarya ce zalla ba, akwai binciken gaske a bayanta. Sai dai bidiyon daƙiƙa talatin yakan ɗauki rabin da ya fi daɗin ji ya bar ɗaya rabin, kuma rabin da ake barin shi ne ya fi shafarka, kai mai shan fura da suga ludayi biyu.

Abin da ke faruwa a gindin haƙori

Sa farce ka kankari gindin haƙorinka da yamma. Farin abin nan mai danƙo da ya fito, ba ragowar tuwo ba ne kawai, gari ne guda na ƙwayoyin baktiriya da suka manne suna hayayyafa. Idan ya kwana biyu a inda haƙori ya haɗu da dasashi, jiki yakan ɗauke shi a matsayin abokin gaba ya turo jini da dakarunsa wurin. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, da an taɓa sai jini.

An gwada wannan a ƙasar Danmak tun 1965. Aka sa mutane masu lafiyar baki su daina gogewa gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke. Wannan matakin farko ke nan, kuma daɗinsa yana komawa daidai ba tare da ya bar tabo ba.

Mataki na biyu ne ba ya da dawowa. A wasu mutanen kumburin yakan nutsa ƙasa, ya fara cin zaruruwan da suka ɗaure haƙori da kuma ƙashin da haƙorin ke tsaye a ciki. Abin mamaki, mafi yawan ɓarnar jikinka ne ke yin ta da kansa, garin yaƙi da ƙwayoyin yake rushe nasa gidan. Dattin nan kuma ya daskare ya zama kamar dutse, abin da wasu ke kira tsatsar haƙori, wanda babu burushin da zai iya fitar da shi. Sai rami ya buɗe tsakanin haƙori da dasashi, baki ya riƙa wari ko an goge, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, daga baya ya fara girgiɗi. Idan ka ga wushiryar da ba a haife ka da ita ba ta ɓullo maka a shekara 28, kar ka yi murna.

Mugun halin cutar shi ne ba ta ciwo sai ta yi nisa. Kogon haƙori yakan hana ka barci har ka nemi likita dole. Ita kuwa sai ta shekara goma tana aiki kana dariya a hoto. Ƙashin da ta cinye kuma ba ya tsirowa yadda yake.

To ina abinci ya shigo? Ta hanya biyu. Abin da ka ci shi ƙwayoyin nan suke ci. Kuma abin da ka ci yana da hannu a yadda jikinka ke mayar da martani, ko ya yi faɗa da hankali ko ya yi na ƙone gida.

Me aka gano game da madara?

A 2006 wani mai bincike ɗan Saudiyya, Al-Zahrani, ya duba bayanan wani babban binciken lafiya da gwamnatin Amurka ta yi a kan manya fiye da 12,000. Ya raba su gida biyar gwargwadon yawan madara da dangoginta da suke sha. Waɗanda suka fi kowa sha sun fi ƙarancin cutar dasashi mai cin ƙashi. Bayan an cire tasirin abubuwa irin su shekaru da shan taba, bambancin da ya rage kusan kashi 20 cikin 100 ne tsakaninsu da waɗanda suka fi kowa ƙarancin sha.

Kafin shi, a 2000, wasu sun duba waɗannan bayanan ta fuskar sinadarin kalsiyam, wanda ake gina ƙashi da shi. Suka ga masu ƙarancinsa a abinci sun fi fama da cutar, kuma alaƙar ta fito sosai a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 39. Ka ji shekarun ko? Naku ne.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na garin Hisayama a Japan, da aka wallafa a 2008. An duba bakin mutum 942 'yan shekara 40 zuwa 79, aka tambaye su abin da suke ci. Masu shan yogot da sauran madarar da ta yi tsami, aƙalla giram 55 a rana, ramukan dasashinsu ba su kai na marasa sha zurfi ba. Giram 55 ɗin nan kamar cokali huɗu ne na cin abinci, bai ma kai abin da ake ɗanɗana maka kafin ka saya a wasu wuraren ba. Madarar da ba ta yi tsami ba kuwa, da cuku, ba a ga sun yi wannan tasirin ba. Wannan ya sa masu binciken suka karkata ga ƙwayoyin da ke tsamar da madara, cewa wataƙila su ne ke takura wa miyagun a cikin baki.

Idan ka karanta wannan, dole zuciyarka ta tafi kan ƙwaryar nono. Abin da kamfanoni ke zubawa a roba su yi masa talla da sunan ƙwayoyi masu amfani, dangin abin da 'yar Fulani ke ɗaukowa daga ruga ne tun kaka da kakanni.

Amma a nan ne ya kamata ka ja birki. Duk waɗannan binciken an ɗauki hoton mutane ne a lokaci guda, aka ga masu shan madara sun fi lafiyar dasashi. Ba a raba mutane biyu aka ba wasu kindirmo aka hana wasu na shekaru aka ga sakamako ba. Idan ka lura masu ɗaura agogo mai tsada sun fi ƙoshin lafiya, ai ba za ka ce agogon ne magani ba, kuɗin da ya sayi agogon ne ya sayi abinci mai kyau da likita. Mai shan yogot kullum a Japan ko Amurka yana iya zama mutumin da dama can yake kula da kansa, ba ya shan taba, yana zuwa wankin haƙori. Masu bincike suna ƙoƙarin cire irin waɗannan a lissafi, amma ba a iya cire su duka. Kuma mutanen da aka gwada ba masu shan fura a Kano ko Damagaram ba ne.

Ga yadda nake kallon abin. Madara mai tsami marar sukari abinci ne mai kyau ga ƙashi da haƙori, kuma alamu sun nuna tana taimakon dasashi. Kofi guda na madara yana ba ka kusan miligiram 300 na kalsiyam, cikin kusan 1,000 da ake so babba ya samu a rana. Amma duk wanda ya ce maka kindirmo zai narkar da tsatsar da ta daskare, ko ya dawo da ƙashin da ya tafi, mabiya yake nema.

Wace madarar ma kake sha?

Mu zo gida. Kalmar madara a bakinmu ta haɗa abubuwan da ba su da wata alaƙa sai farin launi.

Akwai kindirmo, madarar da aka dafa aka bari ta kama da manta a ciki. Akwai nono da aka kaɗe aka cire man shanu, akwai tsala da ta sha ruwa. A Nijar akwai cuku. Waɗannan su ne suka fi kusa da abin da aka yi bincike a kai, muddin ba a lafta musu sukari ba.

Sai madarar gwangwani. Ita ma iri biyu ce, kuma mutane ba sa bambancewa. Mai ruwa-ruwa marar zaƙi madara ce da aka rage wa ruwa. Mai kaurin nan mai zaƙi da ke zuba kamar zuma kuwa, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Alawa ce mai ruwa, a gaskiya.

Sai ta gari. Wata cikakkiyar madara ce da aka busar. Wata an cire mata man shanu an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, don ta yi araha. Wannan har yanzu tana da kalsiyam ɗinta. Amma akwai farin garin da ake aunawa a leda wanda aikinsa kawai ya faranta shayi, mafi yawansa mai ne da wani nau'in sukari. Juya ledar ko gwangwanin ka karanta jerin abin da ke ciki. Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. Idan ba madara ce a farko ba, ka san abin da ka saya.

Yogot ɗin roba da na leda mai sanyin nan da ake sha a tasha, da yawansu sukarin da ke ciki bai yi nisa da na lemon kwalba ba.

Yanzu mu yi lissafi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ga babba matsakaici wannan kusan giram 50 ne, cokalin shayi 12. Ta ce idan aka rage zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse suna cikin wannan lissafin. Sukarin da Allah ya halitta a cikin madara da ɗan itacen da ka ci ɗungurungum ba sa ciki.

Ka tashi da safe ka je wurin mai shayi ka ce a yi maka haɗin kauri. Ka tsaya ka ƙirga cokalin da ke shiga kofin nan, sukari daban, garin koko mai zaƙi daban, madara mai zaƙi daban. Da rana fura, mai damawa ta tambaye ka suga ya ji, ka ce a ƙara. La'asar zoɓo ko kunun aya, su ma sai da aka zuba musu. Da dare indomi da ƙwai, a kora da lemo. Kwalba mai santilita 50 ita kaɗai tana iya cinye cokali 12 ɗin nan. Sai ka zo Facebook ka rubuta cewa kai kullum kana shan madara amma dasashinka bai daina jini ba. Malam, ai an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai binciken da ya dubi 'yan shekara 18 zuwa 25 kai tsaye, an wallafa shi a 2014. Waɗanda suka fi yawaita shan zaƙi sun fi samun cutar dasashi. Ka lura da kalmar yawaita. Kwalba ɗaya da ka sha tare da abinci ka gama ba daidai take da kwalba ɗaya da ka yi awa uku kana kurɓa kana danna waya ba, don a ta biyun bakinka bai samu hutu ba.

Mutum goma, mako huɗu, babu burushi

Wannan labarin kamar shirin fim, kuma da ma shirin talabijin ne. A ƙasar Suwizalan an ɗauki mutum goma aka kai su wani wuri su yi rayuwa irin ta mutanen zamanin dutse har mako huɗu. Babu burushi, babu man goge baki, babu sukarin kanti, babu fulawar masana'anta. Abincinsu hatsi ne da ba a cashe ba, ganyaye, 'ya'yan itacen daji, nama da kifi. Likitocin haƙori suka duba bakinsu kafin su shiga da bayan sun fito, aka wallafa sakamakon a 2009.

Datti ya ƙaru a haƙoransu, wannan ba abin mamaki ba ne. Bisa gwajin Danmak, kamata ya yi dasashinsu ya kumbura. Sai ga shi wuraren da ke zubar da jini idan an taɓa sun ragu daga kusan kashi 35 cikin 100 zuwa kusan 13.

A Jami'ar Freiburg ta Jamus an sake gwada abin cikin tsari a 2016. Aka sa wasu mutane su rage sukari da kayan fulawa, su ƙara ganye, 'ya'yan itace da kifi mai mai, na mako huɗu. Dattin haƙoransu bai canza ba, amma kumburin dasashi ya ragu da kusan rabi. An maimaita a 2019 da mutum 30, aka sake ganin ya ragu.

Kar wani ya karanta wannan ya jefar da burushi. Mutane kaɗan ne, kuma mako huɗu ba shekara huɗu ba ne. Abin da za a ɗauka shi ne datti iri ɗaya yana iya yin ɓarna daban a baki biyu, gwargwadon abin da masu bakin ke ci. Kuma a ganina waɗannan gwaje-gwajen sun fi na madara nauyi, don a nan an canza abincin ne aka ga abin da ya biyo baya. Da za a ce ka zaɓi ɗaya tsakanin ƙara kindirmo da rage suga, ka rage suga.

Gwaba da kuka

Dasashi da zaruruwan da ke riƙe haƙori an gina su ne da wani sinadari mai suna kolajin, kuma jiki ba ya iya ƙera shi da kyau sai da bitamin C. Matuƙan jirgin ruwa na Turai sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka. Sai su yi watanni a teku ba ɗanyen abu, dasashinsu ya kumbura ya ruɓe, haƙora su zube. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya raba marasa lafiya 12 ya ba su magunguna daban-daban, waɗanda aka ba lemun zaƙi da na tsami su suka farfaɗo.

Kai ba a teku kake ba. Amma ka tuna ƙarshen zangon karatu, lokacin da kuɗi ya ƙare: garin kwaki da suga, burodi da lemo, taliya, a maimaita. Mako nawa kake yi ba ka ci wani abu ɗanye ba? Gwaba guda matsakaiciya ta ishe ka bitamin C na yini. Yazawa, mangwaro, lemu, gwanda, ɗanyen tumatir da tattasai duk suna da shi. Garin 'ya'yan kuka, farin nan mai tsami da wasu ke zubawa a nono, yana da shi sosai, don haka wannan haɗin ba na banza ba ne. Wuta da shanya suna kashe bitamin C, shi ya sa miyar da ta yi awa biyu tana tafasa ba za ta ba ka da yawa ba. Kalsiyam kuwa ba ya tsoron wuta, kuma miyar kuka, zogale, riɗi, tamba da ƙananan kifin da ake taunewa da ƙayarsu duk suna da shi.

Ba sai ka sayi ƙwaya ba. Ƙarin bitamin C yana taimakon wanda ke da ƙarancinsa ne. Wanda jikinsa ya ƙoshi, fitsari yake fitar da rarar.

Mu a Arewa mun san iyakar inda yunwa ke kai dasashi. Cutar noma, mai cin fuskar yara, daga kumburin dasashi take farawa a jikin yaron da tamowa ta raunana. Akwai asibiti guda a Sakkwato da aka ware mata tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta. Ta yara ce, amma idan ka ga ƙaninka ko ɗan maƙwabta da dasashi mai jini da wari bayan ƙyanda ko wata doguwar jinya, a tafi asibiti ranar.

Idan madara tana ɓata maka ciki

Wasu da sun sha madara sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani har gudawa. Ba sammu ba ne. Madara tana da nata sukarin, laktos, kuma mafi yawan mutanen duniya idan suka girma jikinsu yakan rage sinadarin da ke narkar da shi. Wani bincike da aka yi a Najeriya aka wallafa a 1971 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna iya narkar da shi har girma, yawancin Yarbawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa, Hausawa da yawa ma haka. A kindirmo da nono ƙwayoyin tsami sun riga sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin, shi ya sa mutum zai sha fura lafiya amma kofin madara ya hana shi zaman aji.

Ka dai kula da inda kake saye. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi, ga kuma batun ruwan da aka sirka da shi. Tambayi mai nonon ko an dafa madarar kafin a ɗora ta, ba rashin kunya ba ne. Ko ka yi naka a gida: dafa madara, bari ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, zuba cokali biyu na kindirmon jiya, rufe ta kwana. Sukarin kuma a hannunka yake. Rage rabin abin da ka saba zubawa, harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Abin da abinci ba zai yi maka ba

Taba ta fi duk abin da muka lissafa ɓarna a dasashi, shisha ma tana ciki. Kuma tana da wata yaudara: tana matse jijiyoyin jini, sai dasashin mai shan taba ya ƙi zubar da jini alhali ƙashi na ci a ƙasa. Idan kana busawa kana alfahari naka ba ya jini, ƙararrawar ce aka cire wa batir.

Ciwon suga shi ma. Wanda sugansa ba ya daidaita, haɗarin cutar dasashi a gare shi ya ninka kusan sau uku, kuma kumburin dasashin yana ƙara wahalar da daidaita sugan. An ga cewa yi wa dasashi magani yana ɗan sauke shi. Idan iyayenka na da ciwon suga, ka tambaye su yaushe rabon da a duba bakinsu.

Ke kuma mai juna biyu, dasashi yakan fi saurin jini a wannan lokacin saboda canjin sinadaran jiki. Ba jariri ne ke zuƙe kalsiyam daga haƙoranki ba, kuma ba dalilin daina gogewa ba ne.

Shi gogewar, sau biyu a rana, minti biyu, da burushi mai laushi da man da ke da fulorayid, ka karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Na dare ya fi na safe muhimmanci, don miyau yana raguwa idan kana barci. Asuwaki yana aiki idan an yi shi a hankali aka bi kowane haƙori ciki da waje, ba a tsaya kan na gaba huɗun da ake gani a hoto ba; dirza shi da ƙarfi kuwa yana janye dasashi. Tsakanin haƙora zaren sakace ne ko ɗan siririn burushin da aka yi don wurin, ba tsinken tsintsiya ko allura ba. Gawayi da lemun tsami da ake tallatawa don farin haƙori kankare fatar haƙorin suke yi, ita ma ba ta dawowa.

Idan ka fara gogewa yadda ya kamata, jinin zai iya ci gaba na 'yan kwanaki. Kar ka kauce wa wurin, nan ne ya fi buƙata. Idan mako biyu ya wuce bai tsaya ba, ko haƙori na motsi, ko akwai ruwan mugunya, ka je wurin likitan haƙori. Idan kuma jinin yana zuwa haka kawai ba ka taɓa ba, ga zazzaɓi, kasala, haɓo ko tabon taruwar jini a fata, kar ka jira mako biyun, don yana iya zama matsalar jini ce.

Na san abin da ake faɗa a majalisa, wai wankin haƙori a asibiti yana sassauta haƙora ya buɗe giɓi. Giɓin yana nan tun tuni, tsatsa da kumburi ne suka cike shi, da aka fitar da su sai ya bayyana. Haƙora kan yi tsami na 'yan kwanaki sannan su lafa. Idan ka zauna a kujerar, ka roƙi likitan ya auna maka ramukan dasashi da ɗan ƙarfen awon nan, ya faɗa maka lambobin. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce. Daga 4 zuwa sama, ka tambaye shi ko ƙashi ya fara ci, da kuma ranar da yake so ka dawo.